Dariyar ranar Talata ba ta yi mini daɗi ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dariyar nan da mai gabatar da shirinku na rediyo kan gudun mota ya ƙyalƙyale da ita ranar Talata ce ta sa na ce wa ɗana ya kawo waya ya rubuta mini wannan. Mutum ya bugo yana cika baki, wai shi in ya bar Sakkwato ba ya ɗaga ƙafa daga kan totur sai Funtuwa, wai gudu ba ya kisa sai in kwana ya ƙare. Maimakon a kwaɓe shi, sai aka yi masa kirari aka wuce ga mai kira na gaba. Haba Malam! Yaran mota nawa ne ke kwance ƙarƙashin tirela a Kwannawa da rediyo a kunne a wannan lokacin? Abin da suka ɗauka ke nan: mai gudu shi ne gwani.

Shekara 23 na yi ina riƙe da sitiyarin babbar mota. Na ɗauki siminti daga Kalambaina, na ɗauki shanu daga Illela, na kai albasa kasuwar Mile 12 a Legas ban san iyaka ba. Saboda haka ba labarin kanzon kurege zan ba ku ba. Buhu 600 na siminti tan 30 ke nan, ban da nauyin motar kanta. Wannan kaya ba ya jin salati. In ka ninka gudunka sau biyu, filin da za ka ci kafin ka tsaya ninki huɗu ne, ba biyu ba. Ni ban koyi wannan a aji ba, a bayan Tureta na koye shi, wata safiya ta hunturu da hazo ya rufe gari. Ina tafe wajen kilomita 90 a awa, amalanken shanu ta fito daga gona. Na taka birki, kan mota ya ji, bodi ya ƙi ji, ya turo mu har muka naɗe kamar tabarma. Mai amalanke ko ƙwarzane bai yi ba. Yarona, ɗan yayata ne ma, a can ya bar ƙafarsa ta dama. Yau yana sayar da katin waya a ƙofar gida, kullum na fito sai na gan shi, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Wallahi da zai zage ni da ya fi mini sauƙi.

To wannan mai kira zai ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, Musulmi ne ni. Amma ku tambayar mini shi: in ya ajiye mota a gangare, me ya sa yake sa wa yaro tsawa ya kawo weji ya tare taya? Ya bar ta mana, ai in kwananta bai ƙare ba ba za ta gangara ba.

Abin da ya ƙara ba ni haushi, an ci kusan awa ana magana a kan gudu, ba wanda ya faɗi adadin da doka ta yanke. Dokar hanya ta ce tirela da tanka kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya irin ta Kaduna zuwa Abuja. Tun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Kowa a tasha ya san yadda ake yi da ita: a sa, a karɓi takarda, a je wurin mai wayarin ya cire waya ɗaya. Wannan ne ya kamata a tone a shirin.

Na san uzurin da za a kawo, ni ma na sha kawo shi. Da sawu ake biyan direba, mai albasa yana kira kowane awa yana rantsuwa kaya za su ruɓe, ga hanyar Gusau da ba mai son magariba ta riske shi a cikin dajinta. Duk gaskiya ne. Amma wane ɗan bindiga ne ke bin ka a tsakiyar Boɗinga ko Shagari ko Dange, inda 'yan makaranta ke tsallaka titi, mata na talla a bakin kwalta? Can ma ba a sassautawa, sai dai a danne hon.

Sannan, tunda na samu dama: layin wayar nan naku. Sau shida na kira ranar, sau biyu aka ɗauka aka ajiye ni ina sauraron tallar maganin basir har katina ya ƙare. Amma wasu mutum uku zuwa huɗu kullum su ne ke shiga, har mun haddace gaisuwarsu. In lambar ta 'yan gida ce a gaya mana mu huta.

A maimaita shirin, a kira direban da ya taɓa kifewa. In ba ku samu ba, ga ni, kuma zan zo da yaron.

Wassalam.
Tsohon direba, daga Kwannawa, Sakkwato.