Mercedes-Benz: sunan na nan, ƙarkon fa?

Assalamu alaikum, Edita. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan gardamar da ake yi ko Mercedes-Benz ta yau ta cancanci sunan da take ɗauke da shi. Ni bakanike ne, a ƙarƙashin bonet na yi furfura, don haka maganar mai riƙe da sifana zan yi.

Ƙarko ne ya gina sunan nan. A ɗauki tsohuwar Mercedes ƙirar W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, kusan miliyan 2.7. Duk wanda ya taɓa buɗe ta dizal ya san abin da nake faɗa. Famfon man ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta. Da zarar inji ya tashi, ko batir ya mutu shi aikinsa yake. In makulli ya ƙi kashe ta, akwai ɗan hannu a jikin injin da aka rubuta STOP, ka danna ta yi shiru. Wani direban tasi a Girka ya yi kilomita miliyan 4.6 da 240D ƙirar 1976, ta samfurin W115 da ya gabaci W123 (ko da yake an yi ta sauya mata inji), har kamfanin ya karɓe ta a 2004 ya kai gidan tarihinsa.

A ganina lissafi ya fara sauyawa ne a 1989, da Toyota ta fito da Lexus LS400, mota mai laushi da shiru a kan kuɗin da bai kai na Jamusawa ba. Daga nan akantoci suka fara fin injiniyoyi murya. E-Class ta 1995, wato W210, ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa. A 1998 kamfanin ya haɗe da Chrysler ta Amurka, auren da ya mutu a 2007. Tsakanin nan aka sa wa E-Class ta 2002 birkin lantarki mai suna SBC, a 2005 kamfanin ya kira motoci kusan miliyan 1.3 su dawo gyara, birkin na cikin dalilai, shekara ta zagayo aka cire shi daga E-Class.

Ba zan zalunce su ba. Su suka sa birkin ABS mai hana taya kullewa a S-Class a 1978, jakar iska a 1981, na'urar hana santsi ta ESP a 1995. In dai hatsari ne, Allah ya kiyaye, gara a same ni cikin sabuwa da a same ni cikin W123. Wajen jin daɗin zama kuma har gobe sai dai a bi bayansu.

Inda nake ja shi ne: wa ake ƙera wa motar yanzu? Da, mai ita na uku da na huɗu ma suna cikin lissafi. Allon gilashin gaban motarsu ta lantarki, EQS ta 2021, faɗinsa santimita 141 ne, daga wannan gefe zuwa wancan. In ya samu matsala bayan shekara 12, wa zai gyara? Balan-balan ɗin iska da suka maye gurbin sifirin, na roba ne, roba kuwa tana tsufa ko ana hawa ko an ajiye. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne na 2022, da suka sanar wa masu motocin lantarki a Amurka cewa sai sun riƙa biyan kuɗi duk shekara kafin a buɗe musu ƙarin ƙarfi. Ƙarfin na cikin motar da mutum ya riga ya saya, manhaja ce kawai ta kulle shi!

Wanda zai sayi sabuwa ya sauya ta kafin garanti ya ƙare, ba ni da ta cewa, Allah ya sa alheri. Amma mai shirin sayen wadda ta shekara 10 saboda labarin da ya ji na W123, ya fara binciken wa ke da kwamfutar duba ta, da kuma inda zai samo kayan gyara, kafin ya miƙa kuɗinsa.

Na gode, Edita.

Daga wani tsohon bakanike