Wasiƙa zuwa ga mutumina a Damagaram

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya zafin Damagaram? Saƙonka ya iso. Ashe har yanzu Arduino, ɗan allon lantarkin nan da ake ɗora wa firogiram, bai sake ka ba, yanzu kuma osiloskof kake son saya, na'urar da ke nuna siffar siginar lantarki a fuskarta, kana tambayar wane bandiwit zai ishe ka, wato iyakar saurin siginar da na'urar za ta iya bi.

Lambar nan da ake rubutawa a goshin na'urar, a ce 50 MHz, ba nan take aiki daidai ba, nan ne ta riga ta fara yi maka ƙarya. Ka ba ta sigina mai 50 MHz, kusan kashi 70 cikin 100 na tsayinsa za ta nuna. Shi ya sa masu sana'ar ke cewa ka ninka saurin siginarka sau biyar kafin ka je kasuwa. Sigina mai kusurwa, irin na dijital, shi ne mai wuyar sha'ani, don a cikinsa akwai ninki uku, ninki biyar, ninki bakwai na saurinsa. In na'urar ba ta gan su ba, sai kusurwoyin su lanƙwashe kamar tudun yashi, ka yi ta zargin allonka.

To, yi lissafin naka. I2C da kake amfani da shi, wato hanyar da allon ke magana da sauran kayan lantarki, 400 kHz ne in ya yi gudu. SPI, ɗaya hanyar, a allon Arduino Uno iyakarsa 8 MHz, sau biyar 40 ke nan. Osiloskof ƙirar Rigol DS1054Z mai 50 MHz ta wadatar, ga layin awo huɗu, kuma SPI kaɗai waya huɗu yake ci. In aljihu ya yarda, ɗauki Siglent SDS1104X-E mai 100 MHz. Ita kuwa 'yar DSO138 da ka ambata, 200 kHz ce, ka bar wa yara su koyi liƙa dalma.

Bara kwana biyu na yi ina tsine wa tawa na'urar, siginar agogo, wadda ke daidaita lokacin aikin allo, ta fito kamar an tauna. Ashe ɗan maɓallin da ke jikin tsinken awo ne yake kan 1X, wanda ke shaƙe na'urar zuwa wajen 6 MHz. Ina tura shi 10X kusurwoyi suka miƙe. Kunya kamar ƙasa ta tsage, ga yaron shagona tsaye yana kallo.

Don Allah kar ka maƙala ɗan matsi mai bakin kada na baƙar wayar tsinken awo a ɓangaren volt 220 na inbatarka, haɗe yake da wayar ƙasa ta soket. Tartsatsi zai tashi.

Ka gaida Hajiya da yara. In ka saya, turo min hoton siginar farko.

Naka,
abokinka na Kano