A ceto filayen wasa da tarihin makarantun ƙananan garuruwanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan makarantun sakandaren gwamnati na ƙananan garuruwa, musamman a ƙasar Daura, inda wasanni ke mutuwa, tarihin makarantun kuma yana bin su.

Duk wanda ya san yadda boko ya fara a ƙasar Katsina ya san ba a raba aji da filin wasa ba. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta koma Kaduna a 1938, daga baya Zariya inda ta zama Barewa, ita ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tun a Katsina Sardauna ya yi fice a wasan fayif, wanda ake dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, kuma bai bar shi ba har ya zama Firimiya. Tsohon ginin kwalejin, na ƙasa, yana nan a birnin Katsina, an mai da shi gidan tarihi. Irin waɗannan makarantu ba su rasa masu rubuta labarinsu. Ƙananan fa, wa zai rubuta nasu?

Makarantar garinmu ba ta yaye Firimiya ba, amma malaman firamare da ma'aikatan asibiti da sojojin da ta fitar ba su ƙirguwa. A zamaninmu ranar inta-haus, wato gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai, biki ce ta gari duka. Tun ana saura mako muke tara toka daga kicin ɗin makaranta, mu ja layukan gudu da igiya, mu zuba tokar da hannu cikin sanyin hunturu. Hakimi ya zo ya zauna a rumfa, iyaye su kewaye fili, 'yan talla su kasa rake da gyaɗa. Yawancinmu ba takalmi muke gudu. Wanda ya ƙare gudun famfalaki, malamin wasanni ya zuba masa garin gulukos a tafin hannu ya lashe. Yaron da ba ya kataɓus a lissafi, ranar nan sai ka ji gari na kiran sunansa, kuma wallahi na san waɗanda wannan kaɗai ya hana su barin makaranta.

Yau rabin filin an noma gero, gefensa an jera shaguna, turakun gola babu su. Kofunan da aka ciwo suna cikin kabad sun yi tsatsa, ba wanda zai iya gaya maka shekarar da aka ci kowanne, ko yaran da suka ciwo shi. Rajistar ɗaliban farko ma gara ta cinye. Abin da ya fi damuna ke nan, domin fili ana iya gyara shi, takardar da gara ta ci kuwa ta tafi.

Muna alfahari da filin wasa na Muhammadu Dikko da ƙungiyar Katsina United, to daga ina za a riƙa samo 'yan wasa in yaran Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu ba su da inda za su taka leda? Ina kira ga Ma'aikatar Ilimi ta shata iyakar filin kowace makaranta ta katange shi, ta kuma wajabta gasar gidaje kowace shekara, a sa har da langa da kokawa, tun da ba su buƙatar kayan tsada. Mu tsofaffin ɗalibai kuma mu tara hotuna da takardun shaidar da ke akwatunanmu.

Kai kuma Malam Edita, don Allah ka tura wakilanka su zauna da tsofaffin malaman wasanni da suka yi ritaya, su ɗauki bayaninsu tun suna raye, a riƙa buga labarin makaranta ɗaya kowane mako.

Wassalam.

Tsohon ɗalibi,
daga ƙasar Daura