Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Lafiyar Jama'a da Tsabtar Unguwa a Dagenham

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu, 'yan'uwa maza da mata, ga rahoton abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa. A babban taron bara an amince cewa aikin bana zai karkata ga lafiya da tsabtar muhalli a nan gabashin Landan, bayan koke-koken da suka yi yawa kan danshin gidajen haya da ɓeraye da katin riga-kafin yara. Ziyarar marasa lafiya, ta'aziyya, barkar haihuwa da walimar Sallah duk sun gudana kamar kullum, kuma Allah ya saka wa kwamitin mata da alheri, don su suka ɗauki mafi nauyinsu.

Abin da ya fi cin lokacinmu a farkon shekara shi ne zaman karatun tarihin unguwa, wanda wasu suka fara kallo a matsayin ɓata lokaci. Mun kai matasa gidan tarihi na Valence House, inda ake ajiye tsofaffin takardun ƙaramar hukuma, sannan muka riƙa karanta rahotannin shekara-shekara na babban likitan lafiyar gari, waɗanda ɗakin karatu na Wellcome ya sanya a intanet kyauta, na gundumomin Landan daga 1848 zuwa 1972. Mun fi tsayawa kan shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Da yawanmu muna zaune a rukunin gidajen Becontree ba tare da sanin asalinsa ba. Hukumar gundumar Landan ce ta gina shi tsakanin 1921 da 1935, gidaje kusan 26,000, don kwashe iyalai daga cunkoson lungunan gabashin birni. Ga wanda ya taso yana raba makewayi ɗaya da maƙwabta a tsakar gida, samun famfo da bahon wanka da bayi a cikin gida babban abu ne. Ko a ƙidayar 1951, fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidajen Ingila da Wales ba su da bahon wanka na dindindin. Sai dai bayan yaƙi cunkoson ya biyo mutane har nan: yaran da aka zo da su sun girma, sun yi aure, ba gidan da za su shiga, sai ango da amarya su tare a ɗakin iyaye. Gwamnati ta yi ta kafa ƙananan gidajen wucin-gadi, sama da 150,000 a faɗin ƙasa, amma jerin masu jiran gida bai gajarta ba.

Rahotannin wancan zamani ba su da daɗin karatu, gaskiya. Jadawali ne bisa jadawali: haihuwa nawa, mutuwa nawa, mai tarin fuka nawa, gida nawa aka shiga dubawa, kwata nawa ta toshe, madara da askirim nawa aka ɗiba aka kai gwaji. Wani dattijonmu da ya yi aikin duba-gari a gida kafin ya zo ƙasar nan ya ce shi bai ga baƙon abu ba, aikinsu ne sak: leƙa randa, leƙa shadda, leƙa mahauta, a rubuta. Bambancin kawai, a nan abin da aka rubuta ba ya ɓata, kuma wanda aka ba takardar gargaɗi ya san za a dawo. Ni a ganina nan ne gaba ɗaya darasin yake. A 1945 jarirai kusan 46 cikin kowane 1,000 ne ke rasuwa kafin cika shekara a Ingila da Wales. Zuwa 1965 adadin ya sauko kusan 19. Magunguna sun taimaka ƙwarai, amma da ƙafa aka yi rabin aikin, gida-gida.

A gefe guda, masu shekaru a cikinmu sun yi mamakin jin cewa kamfanin May & Baker, wanda suka san ƙwayoyinsa tun suna yara a Najeriya, a nan Dagenham babbar masana'antarsa take a da, kuma maganinsa M&B ne Firaministan Birtaniya na lokacin, Winston Churchill, ya yaba wa bayan ciwon huhu ya kwantar da shi a 1943.

Mun kuma fahimci dalilin da ya sa har yau ake tura mutum daga wannan ofis zuwa wancan. Da aka kafa hukumar lafiya ta NHS ranar 5 ga Yuli 1948, asibitoci suka koma hannun gwamnatin tsakiya, awon ciki da na jarirai suka koma gundumar Essex, wadda Dagenham ke ƙarƙashinta a lokacin, aka bar wa ƙaramar hukuma shara, ɓeraye, tsabtar abinci da duba gidaje. Dokar 1949 ta ɗora mata alhakin yaƙi da ɓeraye. Bayan baƙin hazon Disambar 1952, wanda aka fara ƙiyasta ya kashe mutum 4,000, daga baya bincike ya kai adadin kusan 12,000, sai dokar tsabtace iska ta 1956 ta ba ta ikon hana ƙona kwal mai hayaƙi unguwa-unguwa, ana biya wa mai gida kaso mafi yawa na kuɗin sauya murhu. A 1965 aka haɗe Dagenham da Barking, a 1974 aka soke muƙamin likitan gari. Masu duba gidaje kuwa suna nan har gobe, sunan ofishinsu ne kawai ya canja.

Wannan ya kai mu ga aiki na biyu, wato gidajen haya. Kwamitin walwala ya zagaya gidajen da aka kawo kuka a kansu. A wani gida da muka shiga, mun ja katifar yara daga jikin bango sai ga funfuna baƙi ƙirin tun daga ƙasa har gindin taga, fentin yana ɓarewa in an taɓa, ga abin shaƙar asma na ƙaramin yaron ajiye a kan tagar. Uwar ta ce tana gogewa da ruwan bilic duk mako, mai gidan kuma ya ce laifinta ne don tana shanya kaya a ɗaki. Ba ta taɓa kai ƙara ba, tana tsoron a ce ta tashi. Irin wannan haƙurin ba ibada ba ne, 'yan'uwa. Yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, funfuna ne ya yi ajalinsa a Rochdale a Disambar 2020, kuma dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki a Oktoban bana kan gidajen hukuma da na ƙungiyoyin gidaje, tana tilasta a duba danshi cikin ƙayyadadden lokaci. Wanda ke haya a hannun ɗan kasuwa shi ma yana da ikon kiran sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma su zo su gani da idonsu. Mun taimaka wa iyalai da ɗaukar hoto mai kwanan wata da rubuta wasiƙa, don magana ta fatar baki ba ta da shaida. An gyara wasu gidajen, wasu muna kan bibiya. Wasiƙar da muka tsara tana wajen sakatare ga duk mai buƙata.

Na uku shi ne riga-kafi, kuma a nan muka sha muhawara mai zafi. A 1947 shan inna ya kama mutum kusan 8,000 a Ingila da Wales, iyaye suna hana yara zuwa wurin ninƙaya don fargaba. Allurar ta iso a 1956, ɗigon baki a 1962, cutar ta kau har aka manta da ita. Sai ga shi a 2022 an gano ƙwayar cutar a ruwan ƙazantar da ke shiga matatar Beckton, nan kusa da mu a bakin rafin Barking, har aka kira yaran Landan 'yan shekara 1 zuwa 9 a ƙara musu allura. Mu da muka ga abin da dakatar da riga-kafi a Kano a 2003 ya jawo, muka kuma ga ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali a Agustan 2020, bai kamata a same mu cikin masu jan ƙafa ba. 'Yan'uwanmu mata masu aikin jinya sun zauna da iyaye bayan karatun Lahadi, kowa ta zo da jan littafin lafiyar yaronta, aka bi shafi-shafi. An sami yara da dama da ba a yi wa allurar ƙyanda ta biyu ba, yawanci ba don ƙi ba, sai don sauya gida da wasiƙar da ta tafi tsohon adireshi. Masu tambaya kan sinadarin alade a allurar ƙyanda an sanar da su cewa akwai nau'in Priorix wanda babu shi a ciki, kuma ana iya nemansa wajen likita. Masu kai yara gida hutu kuma mun tuna musu da mashaƙo, wanda ya addabi Kano da maƙwabtanta tun ƙarshen 2022. A duba katin kafin a sayi tikiti.

Batun shara ba mu yi abin a zo a gani ba. An fita kwashe bola a layukan da ke kusa da wurin taronmu lokacin bazara, matasa sun fito, manya sun yi ƙaranci. Abin da ya rage mana shi ne ragowar abinci bayan biki da suna: buhun shinkafa da miya da aka jingine a gefen kwandon shara da daddare, kafin asuba dila da ɓera sun yaga shi, maƙwabta kuma sun san na waye. Daga yanzu duk wanda ya karɓi ɗakin taro da sunan ƙungiya zai sa hannu cewa shi zai kwashe.

Ma'aji zai karanta bayanin shiga da fitar kuɗi a zauren taro, kuma masu binciken asusu sun riga sun duba. Waɗanda ake bi kuɗin wata-wata su daure su biya kafin ranar. Kwamiti na neman amincewarku kan abu biyu na baɗi: a ware wani abu daga asusu don sayen na'urar auna danshi da za a riƙa ba iyalai aro, sannan a naɗa mutum biyu, mace da namiji, masu raka duk wanda Turanci ke ba wahala zuwa ofishin gidaje. Mai sha'awar ɗaukar wannan aiki ya ba sakatare sunansa kafin a buɗe taro.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya, a madadin Kwamitin Gudanarwa