Ba ƙarfe kaɗai tsirran tekun Antatika ke jira ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bin shirinku na kimiyya da muhalli, kuma na saurari na makon jiya a kan tekunan ƙanƙara da ɗumamar yanayi. Baƙon da kuka gayyato ya yi ƙoƙari wajen bayanin ƙananan tsirran nan da ke yawo a saman teku, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, masana na kiransu fitofulankton. Gaskiya ya faɗa da ya ce kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya kowace shekara daga gare su take fitowa. Inda ya bar baya da ƙura shi ne ƙarshen hirar, da ya ce in aka zuba wa tekun Antatika sinadarin ƙarfe tsirran za su yi yabanya, su zuƙe iskar kabon da ke ɗumama duniya, shi ke nan an huta. Har aka rufe shirin ba wanda ya ambaci bakteriya, alhali babban kaso na lissafin a hannunsu yake. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Maganar ƙarfen tana da tushe, ban musa ba. Tekun da ya kewaye Antatika cike yake da sinadaran da tsiro ke so, naitirojin da fosfaras, amma tsirran ba sa cinye su. Wani masani Ba'amurke, John Martin, ya nuna cewa ƙarancin ƙarfe ne ya riƙe su, har a 1988 ya yi barkwancin nan da ya shahara, cewa a ba shi rabin jirgin ruwa na ƙarfe ya maido da zamanin ƙanƙara. Dalilin ƙarancin kuwa, kaso mai yawa na ƙarfen da tsakiyar teku ke samu ƙura ce ke kai shi daga tudu. Tekun Atlantika na da rabo, domin iskar hunturu na kwaso masa ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farin gari na ɓawon irin waɗannan tsirrai. Tekun Antatika ba shi da maƙwabci irin wannan, sai ɗan abin da ya samu daga yankin Fatagoniya na Kudancin Amurka da kuma Ostareliya.

To amma ko an ba su ƙarfe, da yawa daga cikin tsirran nan ba za su rayu ba sai da bitamin B12, kuma ba tsiro ko dabbar da ke iya ƙera shi. Sai wasu bakteriya da 'yan uwansu da ake kira akiya. A 2005 masu bincike na Jami'ar Kambirij a Ingila suka duba nau'o'in gansakuka, wato dangin waɗannan tsirrai, sama da 300, suka tarar fiye da rabinsu sun dogara da wannan bitamin daga waje. Manomi ya san irin wannan zama ko bai san sunansa ba: in ka tuge wake ko gyaɗa ka ga 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, bakteriya ne a ciki, shuka na ba su abinci, su suna ba ta taki. A teku ma haka ne. Kowace ƙwayar tsiro tana tsatsafo da sukari da wasu sinadarai a ɗan ruwan da ke kewaye da ita, bakteriya su taru a wurin suna ci, wasunsu su biya da bitamin.

An gwada wannan a Tekun Ross da ke gefen Antatika, aka buga sakamakon a 2007. Erin Bertrand da Mak Saito na cibiyar binciken teku ta Woods Hole da abokan aikinsu suka ɗebi ruwan teku a kwalabe. Wasu aka bar su yadda suke, wasu aka sa musu ƙarfe, wasu bitamin, wasu kuma duka biyun, aka ajiye su a saman jirgi cikin sanyi da hasken wurin ana auna su. Bitamin shi kaɗai bai yi komai ba. Ƙarfe ya sa tsirran suka ƙaru. Amma a gwaji biyu cikin uku, kwalaben da suka samu ƙarfe da bitamin tare sun zarce na ƙarfe zalla. Gwaji na ukun ne ya fi burge ni: a can ƙarin bitamin bai ƙara komai ba, kuma ruwan wurin ne ya fi yawan bakteriya. Wato inda masu ƙerawa suke da yawa, ba a buƙatar a kawo daga waje. Wani binciken na 2015 a mashigin McMurdo ya ƙara nuna cewa ba duka bakteriyan ne masu kyauta ba. Wasu na ƙera bitamin, wasu kuma hannu baka hannu ƙwarya suke yi da shi, suna takara da tsirran. Ƙarfen ma ba a bar wa tsirran su kaɗai ba, domin bakteriya na buƙatarsa sosai, har wasunsu na fitar da sinadarai na musamman don kamo shi.

Sai babbar tambayar da baƙonku ya tsallake: in tsirran sun zuƙi kabon, ina yake zuwa? Zuƙar ba ita ce ribar ba. Ribar ita ce ya nutse can ƙasan teku ya daɗe. Tsirran da ake kira dayatom suna da ɓawo na silika mai kama da gilashi, in sun mutu sukan dunƙule su nutse da nauyinsu. Amma tun suna hanya bakteriya ke bin su suna ci, suna narkar da ɓawon, suna mayar da kabon ɗin iska tun bai yi nisa ba. Mafi yawan abin da aka zuƙa a saman teku a nan sama ake mayar da shi. Wannan ba ɓarna ba ce zalla, domin ta haka ake sako naitirojin da ƙarfen da tsirrai na gaba za su ci, kuma bakteriyan kansu abincin wasu ƙananan halittu ne. Daga nan abinci ke haurawa zuwa kiril, ɗan jatan landen nan da tsuntsayen fengwin da manyan dabbobin teku ke rayuwa a kansa.

A nan sanyi ya shigo. Ruwan teku ba ya daskarewa sai ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili saboda gishirinsa, kuma in ya daskare yakan bar 'yan siraran hanyoyi a cikin ƙanƙarar, cike da ruwan gishiri mai kauri. A cikinsu dayatom da bakteriya ke yin watannin duhu, lokacin da rana ba ta fitowa a can, a cunkushe, cikin wani yauƙi da suke fitarwa don kare kansu. Masu haƙo ƙanƙarar sukan tarar da gindinta ya yi ruwan ƙasa-ƙasa saboda yawansu. In rana ta dawo ƙanƙara ta fara narkewa, sai su zuba cikin teku tare. A 1986 Lawrence Pomeroy da Don Deibel, daga aikinsu a gaɓar Newfoundland ta Kanada, suka kawo ra'ayin cewa tsananin sanyi ya fi daƙile bakteriya a kan tsirrai, don haka abinci mai yawa ke tsira ya kai ga dabbobi ko ya nutse. Wasu masana daga baya sun ja da su, suka ce ƙarancin abin da bakteriya za su ci ne ya fi riƙe su, ba sanyin ba. Har yanzu ana wannan muhawara, kuma ba ta fatar baki ba ce, tun da yankin Aktik, can ƙurewar arewacin duniya, na ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya tun daga 1979, kuma ƙanƙarar tekun Antatika ta yi ƙasa a Fabrairun 2023 fiye da duk abin da tauraron ɗan Adam ya taɓa aunawa. In ruwan ya ɗumama bakteriya suka ƙara kuzari, kabon ɗin da ke nutsewa zai iya raguwa ko da tsirran sun ƙaru.

Zuba ƙarfen ma ai an gwada, ba sau ɗaya ba. A gwajin da aka sa wa suna EIFEX na 2004 a tekun Antatika, da jirgin binciken Jamus mai suna Polarstern, dayatom sun yi yabanya, kuma aƙalla rabinsu sun nutse fiye da mita 1,000. A 2009 Indiya da Jamus suka sake da jirgin nan dai, a gwajin LOHAFEX, sai aka faɗa ruwan da ba shi da isasshen silika. Dayatom ba su tashi ba, wasu ƙananan tsirrai marasa ɓawo suka maye gurbinsu, 'yan ƙwarin ruwa suka cinye su, abin da ya nutse bai taka kara ya karya ba. Jirgi ɗaya, sinadari ɗaya, sakamako ya sha bamban. Tun 2008 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Landan kan zubar da abubuwa a teku suka amince kada a yi wannan aiki sai don binciken kimiyya na haƙiƙa. A ganina sun yi daidai, kuma ya kamata mai sauraro ya ji wannan a shirin da aka tallata masa dabarar.

Ni malamin bayoloji ne a makarantar sakandare, kuma ɗalibaina na jin shirinku, washegari su zo mini da abin da suka ji a matsayin hujja. Roƙona, in da hali a sake gayyato baƙon ko wani masanin halittun teku, a tambaye shi daga ina tsirran za su samu bitamin ɗin da ƙarin yabanyar ke buƙata, kuma kashi nawa na kabon ɗin zai wuce bakin bakteriya ya isa ƙasa.

Allah Ya ƙara basira. A gaida ma'aikatan shirin.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya