Amsar tambayarka game da finafinan da ba a magana a cikinsu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya Kumasi, yaya kasuwa? Mu nan Kano lafiya lau, sai godiyar Allah. Hajiya tana gaishe ka, tana kuma tambayar yaushe za ka leƙo gida.

Saƙonka ya iso, inda ka ce ka gwada kallon tsohon fim ɗin nan marar magana amma ba ka yi nisa ba ka kashe: mutane na ta guje-guje ba dalili, ga zare ido, ga wani kiɗa da bai shafi abin da ke faruwa ba. Ka tambaye ni me nake gani a cikinsu. Wannan ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Guje-gujen nan, yawanci ba daga masu fim ɗin ba ne. Kyamarar wancan zamani da hannu ake juya ta, tana ɗaukar hoto kamar 16 zuwa 20 a daƙiƙa ɗaya. Da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920 sai aka tsayar da majigi a kan 24, to duk tsohon fim da aka ɗora a wannan gudu, mai tafiya sai ya koma mai sassarfa. Kiɗan ma haka. Ba shiru ake kallonsu ba: ƙaramin gidan sinima yana da mai kaɗa fiyano, babba kuwa yana da rukunin makaɗa, suna bin abin da ke kan allo. A Japan har mutum ake tsayarwa gefe, ana kiransa benshi, yana ba da labari yana kwaikwayon muryoyi, kusan aikin da masu fassara finafinan Indiya ke yi mana a yau. Kuma da yawansu akan rina su, shuɗi ya nuna dare, ruwan ɗorawa ya nuna rana ko hasken fitila. Ɗauki Nosferatu na Murnau, fim ɗin Jamus na 1922, labarin dodo mai shan jini wanda hasken rana ke hallaka shi. Da rana aka ɗauki wuraren dare, rinin ne ke mayar da su dare. In ka faɗa kan kwafin da ba rini, sai ka ga dodon yana yawo tsakar rana, labarin ya rushe. Saboda haka kafin ka yanke wa fim hukunci, nemi kwafin da aka gyara. Mafi yawan waɗanda ke yawo a YouTube kwafin kwafi ne, an liƙa musu kiɗan da aka ga dama.

Rashin magana kuwa, mu bai kamata ya dame mu ba. Ka tuna yadda muka taso muna kallon Indiya, ba ma jin yaren, amma tun fitowar mutum ta farko mun san wane ne akta, wane ne bos. Idon nan ake bukata.

In ka samu kwafi mai kyau, fara da Buster Keaton, ɗan wasan barkwanci na Amurka. A Steamboat Bill Jr. na 1928 akwai wurin da guguwa ta tuge gaban wani gida sukutum ya faɗo masa yana tsaye, ya tsira saboda tagar sama a buɗe take kuma daidai inda yake ta sauka. Bango ne na gaske mai nauyi, ba kwamfuta, ba wanda ya tsaya a madadinsa, da ya goce kaɗan da ya mutu. Duk gine-ginen da ake rusa mana da kwamfuta yanzu babu wanda ya taɓa sa gabana faɗuwa kamar wannan, domin na san rai ne a tsaye a wurin. Kuma ko gira bai ɗaga ba, kai da kake kukan zare ido.

Amma wanda ya fi zama mini a rai shi ne wanda Carl Dreyer, mutumin Denmark, ya yi a Faransa a 1928 kan shari'ar Jeanne d'Arc, yarinyar da aka ƙona a Rouen a 1431. Daga takardun shari'ar na ainihi ya ɗauko tambayoyi da amsoshi. Kusan duk fim ɗin fuskoki ne, kyamara ta matso kusa, kuma ya hana 'yan wasan yin kwalliya, kana ganin tamojin alƙalai da busassun leɓɓan yarinyar. Falconetti, wadda ta fito a matsayinta, sai a jefa mata tambaya mai tarko, ka ga tsoro ya hau fuskarta, ta nemi amsa, ta samu, kafin rubutun ya fito a allo ka riga ka san abin da za ta ce. Wallahi na yi hawaye. Da akwai murya, ina jin da ta raba mini hankali. Asalin fim ɗin gobara ta cinye shi, domin faifan wancan lokaci da naitiret ake yin sa, abu mai saurin kama wuta. Sai a 1981 aka tsinci cikakken kwafi a wani asibitin masu taɓin hankali kusa da Oslo, a ƙasar Norway. Wannan ya yi sa'a. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinai marasa sauti na ƙasar sun ɓace gaba ɗaya.

Kada ka ɗauka duk tsoho nake yabo. Wasu ja suke yi ba gaira ba dalili, 'yan wasa na ɗaga hannu suna dafe ƙirji kamar suna kan dandamali. Irin waɗannan in sun gundure ni kashewa nake yi, tsufa ba ya mayar da fim mai kyau.

Inda hukunci ya fi nauyi shi ne The Birth of a Nation na D. W. Griffith, fim ɗin Amurka na 1915. Masana suna jinjina masa kan yadda ya tsara yaƙi da yadda yake yanka hoto tsakanin wurare biyu har zuciya ta tsinke. Gwanintar tana nan, na gan ta. Amma fim ne da fararen fata suka shafa baƙi a fuska suka fito da baƙar fata a matsayin barazana ga mata, sannan 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin jinin baƙar fata, suka zo a kan dawakai a matsayin masu ceto. A shekarar da ya fito aka sake kafa ƙungiyar, ta kuma riƙa jan mutane da shi. Wasu za su ce maka a yi masa uzuri, haka zamaninsu yake. Ban yarda ba. A wannan zamanin dai ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata a Amurka ta yi fafutukar a hana nuna shi, William Monroe Trotter, wani ɗan jarida baƙar fata, ya jagoranci zanga-zanga a Boston, kuma a 1920 Oscar Micheaux, baƙar fata, ya fitar da Within Our Gates inda ya nuna yadda ake rataye baƙaƙe ba shari'a. Tun a lokacin an san zalunci ne. Ina yi wa tsohon fim uzurin kayan aiki, wannan kuwa ba matsalar kayan aiki ba ce, kuma iyawar Griffith ita ta ƙara wa abin illa.

Har ƙasarmu abin ya taɓa. A 1926 wani Bature, Geoffrey Barkas, ya yi Palaver a yankin Filato, cikin mutanen Angas da Sura. Labarin takun-saƙa ne tsakanin Di'o da wani Bature mai haƙar kuza, mutanen ƙasar kuwa an mai da su abin tsoro da ake jiran Bature ya zo ya ladabtar. Labarin yana ɓata mini rai, duk da haka ina so ka gan shi, domin a bayan Turawan akwai duwatsun, da gidajen, da fuskokin mutanen da suka rayu a nan shekara kusan ɗari da ta wuce, kuma hotonsu mai motsi na wannan lokaci ba shi da yawa.

In za ka sake gwadawa, ajiye waya, ka samu allo babba da dare, ka tara yaran ku kalli The Kid na Charlie Chaplin, na 1921. Bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Ka lura mini da yadda ƙaramarku za ta yi a wurin da aka zo ƙwace yaron za a kai shi gidan marayu, ka rubuto mini. Na Dreyer kuwa kai kaɗai za ka kalla, ba na yara ba ne.

Ka gaishe da maiɗakinka da yara, da duk 'yan uwa na zango. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka na Kano