Sanyin ƙashi ba na tsofaffi kaɗai ba ne, ku janye maganarku

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun daren Talata raina yake a ɓace, na ga gara in rubuto muku da in zauna ina cin rai ni kaɗai. Baiwar Allahn nan da ta kira shirinku na rediyo daga Tibiri ta ce yatsunta suna kumbura, da safe ko zani ba ta iya ɗaurawa, me mai gabatar da shirinku ya ce mata? Wai sanyin ƙashi abokin tsufa ne, ta sha ƙwayar rage zafi ta yi haƙuri. Ko shekarunta bai tambaya ba. Duk wanda ya ji muryarta kuwa ya san ba tsohuwa ba ce. Tana cikin magana aka katse ta aka sa talla.

Wannan maganar, ita ɗin dai, ita ta cinye hannuwan yayata.

Tana da shekara 34 abin ya fara mata. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi a nan Bagalam, sana'ar da daga suya har matsar tunkuza duk aikin hannu ne. Sai ta tashi da asuba yatsu sun sandare kamar itace, dama da hagu, gaɓoɓi iri ɗaya, har wuyan hannu, kuma sai an fi awa kafin su saku. Wasu suka ce wanki da ruwan sanyi ne a hunturu, wasu suka ce jifa ne. Wanzami ya yi mata ƙaho, ya yi tsaga, tabon na nan har gobe. Daga nan muka faɗa hannun masu yawo da magani a tire. Su haɗa mata ja da fara da 'yar ƙarama a ƙullin leda, dala ashirin, ta sha ta ji garau ta koma kan turmi. Fuskarta ta cika, mata suna cewa ta murje, ta samu lafiya. Shekara 3 muna haka.

Ashe diklofenak ne da deksametazon. Na farkon ya ci mata ciki har ta yi aman jini, na biyun shi ya kumbura mata fuska ya kuma tayar mata da suga. Ranar da muka kwashe ta zuwa asibiti na so in zubar da sauran ƙwayoyin a masai, likita ya hana ni, ya ce wanda jikinsa ya saba da deksametazon ba a yanke masa rana ɗaya, yana iya faɗuwa, sai dai a riƙa ragewa sannu a hankali. To wannan ce ƙwayar da kuka tura matar Tibiri ta sha? Don idan kun ce ƙwayar rage zafi ba ku faɗi wace ba, wurin mai tire za ta nufa.

Sai da muka yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai, da kuɗin da muka sayar da tumaki 2, sannan likitan gaɓoɓi ya auna jini, ya ɗauki hoton hannu, ya gaya mana gaskiya. Garkuwar jikinta ce ta juya tana cin gaɓoɓinta. Ba irin ciwon gwiwar da ke kama tsofaffi saboda gogewar guringuntsi ba ne, ba kuma irin mai kama babban yatsan ƙafa ba ne, ba sikila ba ce. Mu ne muke tara su duka mu ce sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke da irin nata, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Kuma yana da magani. An ɗora ta kan metotireksat, sau ɗaya a mako, ba kullum ba, likita ya maimaita mana wannan har sau uku don shan sa kullum guba ne. Ran Juma'a take sha, da folik asid a wata rana dabam, ana auna jininta lokaci lokaci saboda hanta, mai ciki kuma ba ta shan sa. Cikin wata 2 kumburin ya sauka. Amma yatsun da suka riga suka karkace ba su miƙe ba, ba kuma za su miƙe ba. Likitan ya ce da a watannin farko muka zo, da wataƙila tana kan sana'arta. Kukan da na yi a cikin mota muna dawowa Allah kaɗai ya sani.

Ku da kuka ce a yi haƙuri, kun san yadda jinyar take? Ni nake tashi kafin kiran assalatu in ɗora ruwa, in tsoma mata hannu a ruwan ɗumi har su saku ta samu ta yi alwala. Sallah a zaune take yi. Tsuguno ya gagare ta, sai da kafinta ya huda mana kujera muka ɗora a makewayi. Cokalinta mun naɗe masa tsumma a mariƙi don ya yi kaurin da za ta iya damƙa. Wata malamar asibiti, Allah ya saka mata da alheri, ita ta koya mana kada mu bar ta kwance wuni guda don tausayi, gaɓar da ba a motsawa daskarewa take yi. Kullum sai na sa ta ta buɗe hannu ta rufe, ta taka zuwa zaure ta dawo, ko da tana yi mini faɗa. Mace ce da ta ciyar da gida da hannunta, yau ƙanwarta ke ɗaura mata kallabi, kuma wannan ya fi ciwon ci mata rai. Awa guda kuka yi kuna shiri, masu jinya ko sau ɗaya ba ku ambace su ba.

Ku sake shirin nan. Ku kawo likitan da ya san gaɓoɓi, ya faɗa da Hausa cewa duk wanda yatsunsa suka kumbura makonni, suna sandarewa da safe, ya je a auna shi, ko shekararsa 20. Lambar matar Tibiri tana wayarku, ku neme ta ku ba ta haƙuri, ku ce ta je asibiti tun hannunta na nan.

 

Mai sauraronku,
daga unguwar Bagalam, Maradi.